Tarihin Gyaran Ƙashin Yara: Daga Karan Ɗori Zuwa Filastar Ponseti

Shekara 150 da suka wuce, yaron da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, ko wanda ciwo ya kama wa ƙashin baya, kusan an riga an san makomarsa, ko a Landan yake, ko a Alƙahira, ko a Kano. Ko dai ya rasu da ƙuruciya, ko kuwa ya girma gurgu, bara ta zame masa sana'a. A yau mafi yawan waɗannan lalurori ana iya hana aukuwarsu, ko a gyara su tun yaro bai fara tafiya ba. Hanyar da aka bi kafin a kawo nan doguwa ce, kuma yara ne suka ɗanɗana wahalarta a jikinsu. Wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga abu guda yana ta maimaituwa: duk lokacin da likitoci suka dogara da ƙarfi da ɗauri mai tsanani, yara sun sha wuya, duk lokacin da suka gano asalin ciwon suka kuma fara magani da wuri, sai sauƙi ya samu, sau da yawa ma da kuɗi kaɗan.

Abin da mutanen da suka sani

Waɗannan cututtuka sun daɗe tare da ɗan Adam. A Masar an samu wani allon dutse mai shekara fiye da 3,000 da ke nuna wani mutum tsaye da sanda, ƙafarsa ɗaya ta shanye ta tsuke, kamar dai yadda shan inna ke barin mutum. Gawar Fir'auna Siptah da aka adana ita ma ƙafarta ta hagu a karkace take. A ƙasar Girka, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), rubuce-rubucen da ake jingina wa Hippocrates sun yi bayanin murɗaɗɗiyar ƙafa, suka ba da shawarar a riƙa juya ta a hankali da hannu, a naɗe ta da ƙyalle, kuma a fara tun jariri yana ƙarami. A Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe wani sashe na littafinsa At-Tasrif ga karaya da gocewar ƙashi, kuma Turawa sun yi ƙarnoni suna karanta shi a fassarar Latin.

Duk da haka, a ko'ina cikin duniya aikin ƙashi na yau da kullum a hannun maɗora yake, waɗanda suka gaji sana'ar iyaye da kakanni. Suna iya haɗa karaya, su mai da targaɗe. Amma yaron da ƙashinsa ke ruɓewa daga ciki, ko wanda aka haifa da nakasa, babu abin da ke gare su da zai tsinana masa.

Littafi don iyaye, gida don yara

A 1741 wani tsohon malamin likitanci a Faris, Nicolas Andry, wanda ya haura shekara 80, ya wallafa littafin da ya ba wannan fanni sunan da ake kiransa da shi har yau. Iyaye ya rubuta wa littafin, yana koya musu yadda za su hana karkacewar jikin 'ya'yansu da yadda za su gyara ta. A cikinsa akwai zanen wata karkatacciyar bishiya da aka ɗaure da igiya a jikin miƙaƙƙen turke, zanen da ya zama tambarin ƙungiyoyin likitocin ƙashi a ƙasashe da dama. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya daɗe da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 1780 Jean-André Venel ya buɗe gida a garin Orbe na ƙasar Suwizalan, wanda ake ɗauka a matsayin asibitin farko da aka keɓe don gyaran gaɓoɓin yara. Ya haɗa abubuwa uku a wuri guda: ɗakin jinya, maƙerar da ake ƙera takalma da ƙarafan tallafi, da ajin karatu. Venel ya gane cewa yaron da zai yi watanni yana jinya bai kamata karatunsa ya tsaya ba, kuma asibitocin yara da suka biyo baya sun ɗauki wannan tsari.

Zuwan wuƙa

Ƙarni na 19 ne ya kawo tiyata cikin lamarin. A 1831 Louis Stromeyer na Hanoba a Jamus ya fara yanke agara ta wata 'yar ƙaramar kafa a fata, domin diddigen da ya ɗage ya sauko ƙasa. Wani matashin likita ɗan Ingila, William John Little, wanda shi kansa ƙafarsa ta murɗe tun yana yaro, ya tafi wurinsa a 1836 aka yi masa aikin. Ya dawo Landan ya riƙa yi wa wasu, kuma a 1840 ya buɗe asibitin gyaran gaɓoɓi a birnin. Shi ne kuma daga baya ya danganta sanƙarewar gaɓoɓin wasu yara da wahalar da suka sha lokacin haihuwa.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa bi da bi. A 1846 aka nuna amfanin maganin sa barci a Boston. A 1852 wani likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, ya bayyana bandejin da ake shafe shi da garin filasta, a jiƙa, ya daskare a jikin gaɓa, wato abin da mutanenmu ke kira siminti. A 1867 Joseph Lister ya nuna yadda ake kare rauni daga ƙwayoyin cuta, sannan a 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi.

Sai dai wannan ci gaba ya zo da nasa ɓarin. Tun da yaro yana barci ba zai yi kuka ba, sai likitoci suka shiga murɗa ƙafafu da ƙarfin tsiya. An ƙera ƙarafa masu kama da sifana don a danne ƙafar jariri a miƙe ta a zama ɗaya, wasu kuma suka riƙa cire ƙasusuwan ƙafa. A ido ƙafar takan miƙe, amma ta sandare, ta riƙa ciwo har tsufa.

Shekaru a kan gado

Babu ciwon da ya cika asibitocin yara a wancan zamani kamar tarin fukan ƙashi. Ƙwayar cutar takan bar huhu ta bi jini ta sauka a ƙashin baya, ko kwatangwalo, ko gwiwa, ta riƙa cinsu a hankali. In ta ci ƙashin baya sai ya rufta, yaro ya yi ƙusumbi, wani lokaci ƙafafunsa su mutu. Percivall Pott na Landan ya yi bayanin wannan a 1779, Robert Koch kuma ya gano ƙwayar cutar a 1882. Yara da yawa a Turai ta madarar shanu marasa lafiya da ba a dafa ba suka kamu.

Da yake babu maganin da ke kashe ƙwayar, abin da ya rage shi ne hutu. Babban mai wannan ra'ayi shi ne Hugh Owen Thomas na Libaful, jikan maɗora daga tsibirin Anglesey a yankin Wales, wanda ya yi karatun likita ya haɗa da gadon gidansu. Koyarwarsa ita ce gaɓar da ta kamu a hana ta motsi gaba ɗaya, na dogon lokaci, ba tare da yankewa ba. Da hannunsa yake tsara ƙarafan tallafi, kuma ran Lahadi yakan duba talakawa kyauta. Ƙarfen da ya tsara don gwiwar masu tarin fuka shi ne ɗan ɗan'uwan matarsa, Robert Jones, ya shigar cikin aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ceci rayukan sojoji masu yawa da suka karye a cinya.

A 1900 wata ma'aikaciyar jinya, Agnes Hunt, wadda ita ma ciwon kwatangwalo ya gurgunta tun tana yarinya, ta buɗe wani ƙaramin gida a ƙauyen Baschurch na Ingila. Ta riƙa kwantar da yara a rumfuna masu buɗaɗɗen gefe, su sha iska dare da rana, su ci abinci mai kyau. Takan kai su Libaful a jirgin ƙasa don Robert Jones ya duba su, har shi da kansa ya fara zuwa ƙauyen yana yi musu aiki. Wannan gida ne ya zama babban asibitin ƙashi na Oswestry da ke ɗauke da sunayensu su biyu. A Faransa an gina asibitoci a bakin teku a Berck, a Suwizalan kuma Auguste Rollier ya fara shanya yara a rana a kan tsaunin Leysin a 1903.

Wannan hanya ta ceci wasu, amma tsadarta a rayuwar yaro ba kaɗan ba ce. Yaro ɗan shekara huɗu sai a ɗaure shi a kan firam ɗin ƙarfe, ko a kwantar da shi cikin kwarmin filasta, ya shekara biyu ko uku ko fiye yana kallon rufi. Asibitocin suna nesa da gari, kuma dokar ziyara tana da tsauri, har wasu yaran sukan koma gida sun manta fuskar iyayensu.

Magani ne ya kawo ƙarshen wannan zamani. An gano streptomycin a 1943, isoniazid kuma ya shigo a 1952. Duk da haka likitocin Turai sun ci gaba da kwantar da masu ciwon na tsawon watanni. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, inda gadaje ba su isa ba, likita Konstam da abokin aikinsa Blesovsky suka riƙa ba marasa lafiya ƙwayoyi suna sallamarsu gida, suna yawo da ƙafafunsu, su riƙa dawowa ana duba su. A 1962 suka wallafa sakamakon, wanda ya nuna mafi yawansu sun warke. Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta gwada wannan hanya a Koriya da Bulawayo da wasu wurare, ta tabbatar cewa ga yawancin masu tarin fukan ƙashin baya, shan magani yadda ya kamata ya wadatar. Ke nan rashin gado a wani asibitin Nijeriya yana cikin abin da ya tayar da yaran duniya daga kwanciyar shekaru.

Gwame da bakan ƙafa

Ciwo na biyu shi ne laushin ƙashi, wanda ke sa ƙafar yaro ta yi baka ko ta yi gwame, wuyan hannunsa ya kumbura, haƙarƙarinsa ya yi ƙulu-ƙulu. Francis Glisson ya rubuta cikakken bayaninsa a Ingila a 1650. Da masana'antu suka bunƙasa, hayaƙin kwal ya rufe sararin birane, talakawa suka cushe a lunguna masu duhu, sai ciwon ya game yaran marasa ƙarfi. 'Yan matan da suka tashi da shi ƙugunsu yakan tsuke, haihuwa ta zo ta gagare su. Likitocin tiyata irin su William Macewen na Gilasgo sun ƙware wajen yanke ƙashin su miƙe shi, amma sababbin yara ba su daina zuwa ba.

Tun 1822 wani likita ɗan Folan, Jędrzej Śniadecki, ya lura cewa yaran birnin Warso sun fi na ƙauye kamuwa, ya ce rashin rana ne. A 1890 Theobald Palm, wanda ya yi aikin likita a Japan, ya tattara bayanai daga ƙasashe da dama ya kai ga wannan matsaya. Ba a saurare su ba sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da yunwa ta sa ciwon ya yi tsanani a Jamus da Ostiriya. A 1919 Kurt Huldschinsky na Balin ya warkar da yara da hasken wata fitila ta musamman, a shekarar ce kuma Edward Mellanby ya nuna cewa man hantar kifi yana warkar da 'yan kwikwiyon da suka kamu. A 1922 Elmer McCollum ya bambance sinadarin da ke wannan aiki, wanda aka sa wa suna bitamin D. Cokali ɗaya na man kifi a rana, da ƙara bitamin ɗin a madara, suka kusan share ciwon daga Turai da Amurka.

To, amma me ya sa ake ganinsa a ƙasashen da rana ba ta yankewa? Amsar wannan tambaya daga Jos ta fito. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan yara 123 masu laushin ƙashi. Sun raba su kashi uku: masu shan bitamin D, masu shan kalsiyam, da masu shan duka biyun. Waɗanda suka samu kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Ashe matsalar yaranmu ƙarancin kalsiyam ce a abincin da ya dogara da hatsi, babu nono, babu kifi.

Shan inna

Jakob Heine na Jamus ya yi bayanin shan inna a 1840, amma sai a ƙarshen ƙarni na 19 ta fara zuwa a matsayin annoba. A 1916 ta kashe mutum fiye da 2,000 a birnin Niyok kaɗai, a 1952 kuma Amurka ta ƙirga kusan mutum 58,000 da suka kamu. Likitocin ƙashi suka koyi sauya wa jijiya mazauni don ta yi aikin wadda ta mutu, da haɗe gaɓar da ta saki don ta iya ɗaukar nauyi. Al'adar lokacin ita ce a ɗaure gaɓar da ta shanye cikin filasta na watanni. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ostireliya, Elizabeth Kenny, ta ƙi wannan, ta dage a kan gashi da tsumma mai ɗumi da motsa gaɓa da wuri. An yi ta jayayya da ita, amma bayan ta isa Amurka a 1940 hanyarta ta samu karɓuwa, ta kuma taimaka wajen bunƙasa aikin gashin ƙashi da motsa jiki.

Rigakafin Jonas Salk na allura ya fito a 1955, na Albert Sabin na ɗigawa a baki ya biyo baya. A Afirka an daɗe ana zaton cutar ba ta da yawa, sai da aka ƙirga yara masu ɗingishi a makarantun Gana a shekarun 1970 aka ga girman ɓarnar. A Kampala, Ronald Huckstep na Jami'ar Makerere ya tsara ƙarafan ƙafa masu araha da takalman katako, waɗanda masu nakasa da kansu ke ƙerawa, yaran da ke jan gindi suka miƙe tsaye. A 1988, da aka ƙaddamar da yaƙin kawar da cutar a duniya, an ƙiyasta tana shanye yara 350,000 a shekara. An ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, kuma ran 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar.

Komawa ga hannu mai taushi

Lalurorin da ake haihuwar yaro da su ba su da rigakafi, sai dai a gano su da wuri. A 1935 wata uwa a Ferrara ta Italiya ta gaya wa likitan yara Marino Ortolani cewa tana jin wani ƙas a kwatangwalon jaririnta duk lokacin da take masa wanka. Ya saurare ta, ya ɗauki hoto, ya ga kwatangwalon a goce yake. Gwajin da ya wallafa a 1937 har yau da shi ake duba jarirai. Bincike ya kuma nuna cewa wannan gocewa ta fi yawa a wuraren da ake naɗe jariri ƙafafunsa a miƙe a haɗe, tana da ƙaranci a inda ake goyo a baya, domin goyo yana buɗe cinyoyin jariri yadda kwatangwalo ke so.

Labarin murɗaɗɗiyar ƙafa, wadda ake haihuwar kusan jariri ɗaya cikin 1,000 da ita, ya fi kowanne nuna darasin. Ignacio Ponseti ɗan Sifen ne, ya yi aikin likita a yaƙin basasar ƙasarsu, ya yi gudun hijira zuwa Faransa da Meziko, ya isa Jami'ar Iowa a Amurka a 1941. Da ya bi sawun waɗanda aka yi wa tiyata suna yara, sai ya tarar ƙafafunsu sun sandare suna ciwo. Ya koma ya yi nazarin yadda ƙasusuwan ƙafar jariri ke juyawa a kan juna, ya fito da hanyarsa: a juya ƙafar a hankali, a sa filasta daga yatsu har cinya, a sauya duk mako kamar sau biyar ko shida, a ɗan yanke agara in da buƙata, sannan yaro ya riƙa kwana da takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe har ya kai shekara huɗu. Ya wallafa sakamakonsa a 1963, amma likitoci suka ci gaba da babbar tiyata fiye da shekara 30. Sai bayan littafinsa na 1996, da iyaye suka riƙa ba juna labari ta intanet suna neman hanyar da sunanta, sannan aka juyo. A Yuganda da Malawi an koya wa ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, aka kuma ƙera takalman da kayan gida. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran da aka fara wa da wuri ƙafarsu tana miƙewa. Ponseti ya rasu a 2009 yana da shekara 95.

Inda muke

A Nijeriya asibitin ƙashi na Igbobi a Legas ya faro ne daga jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, na Dala a Kano kuma aka buɗe shi a 1959. Ilimin da ya ɗauki ƙarnoni ana tara shi yanzu yana kusa da mu. Abin da ya rage shi ne jinkiri. Har yau ana kawo yaro da hannu ya yi baƙi saboda an tamke karan ɗori har jini ya daina gudu, a rasa yadda za a yi sai yankewa. Ana kawo ɗan shekara goma yana taka bayan ƙafarsa, alhali makonni kaɗan na filasta sun ishe shi da an kawo shi yana jariri. Ana barin mai sikila da ƙashi yana zubar da mugunya wata da watanni kafin a nemi asibiti.

Saboda haka kira ya hau kan kowa. Ungozoma ta duba ƙafafu da kwatangwalon jariri ranar da aka haife shi. Maɗori ya san iyakarsa, in ya ga yatsu sun kumbura ko sun yi sanyi ya kwance ɗaurin ya tura asibiti. Hukuma ta kai aikin filasta da takalman gyara zuwa asibitocin ƙananan hukumomi. Iyaye kuma su tafasa nono su ba yara, su kammala rigakafi, kuma duk yaron da ya fara ɗingishi, ko ciwon baya, ko zazzaɓi tare da ciwon ƙashi, a kai shi asibiti a makon nan, kada a jira baɗi.